Muhammadu al-Kashinawi: Bakatsinen da Ya Rubuta Hanyar Lissafi Kafin a Ƙera Kwamfuta

Duk wanda ya zauna a Kongo ya san irin musun da ɗalibai ke yi a teburin mai shayi da shagunan gyaran waya da laftof. Wannan ya ce HP ta fi ƙarko, wancan ya rantse da Dell. A koma kan Core i5 da Core i7, a dawo kan RAM takwas da sha shida, daga nan a faɗa rikicin Windows da Ubuntu, wanda shi kam ba ya ƙarewa. Ni ma ina cikin masu wannan musu, kuma ina jin daɗinsa. Sai dai na lura duk sunayen da muke jefa wa juna na waje ne: Bill Gates, Linus Torvalds, Steve Jobs. Shi ya sa a wannan fitowa ta mujallarmu na ga ya dace in kawo muku tarihin wani mutumin ƙasarmu da ya rasu tun 1741, bai taɓa ganin ko ƙwan lantarki ba, amma aikin da ya bari shi ne irin wanda ake ba ɗan ND 1 a darasin firogiramin.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi. Larabawa suna ƙara masa da as-Sudani, wato mutumin ƙasar baƙar fata. Kashina ita ce Katsina a bakin Larabawa, don haka idan muka mayar da sunan gida, Malam Muhammadu Bafulatani Bakatsine ke nan.

Ya tashi a Katsina ta ƙarshen ƙarni na 17 da farkon na 18, lokacin da birnin ke cikin ganiyarsa. Ayarin raƙuma na sauka daga Agadas da Gat da Tarabulus, fatake na kawo goro daga Gwanja, kuma a cikin kayan da ke ƙetaro hamada har da takarda da littattafai. Garin Wali Ɗan Marina ne da Wali Ɗan Masani, waɗanda suka riga shi da zamani guda. Yaro mai ƙwaƙwalwa a irin wannan gari ba zai rasa wurin zuwa ba. Tsarin karatun kuwa shi ne wanda har yau muke gani a zaurukan cikin birnin Zariya idan ka shiga ta Ƙofar Doka ka nufi Unguwar Juma ko Kona: ɗalibi ya ɗauki littafi guda, ya zauna gaban malamin da ya ƙware a kansa, su bi shi layi-layi har ƙarshe, sannan ya tashi ya nemi wani malamin don wani littafin. Babu semista, babu kariyoba. In ba ka gane ba, gobe ka dawo kan layin jiya.

Daga cikin malamansa an ambaci Muhammadu al-Wali na Bagarmi, can cikin ƙasar Cadi ta yau, da kuma Malam Muhammadu Bindu, wanda a wurinsa ya sha ilimin hisabi da na haruffa da na hatimi. Ya kuma yi nahawu da manɗiƙi, har daga baya ya rubuta littafi a kan kowannensu. Wannan na manɗiƙin ina so 'yan sashen kwamfuta su riƙe shi. Manɗiƙi shi ne ilimin tsara hujja: in kaza gaskiya ne kuma kaza gaskiya ne, to dole kaza ya biyo baya. Duk wanda ya taɓa rubuta sharaɗi a cikin firogiram, ko ya zana teburin gaskiya da ƙarya a darasin lantarki, a wannan gona yake noma. Malam Muhammadu ya tsara manɗiƙi a waƙe ya kira shi Minahul Ƙuddus, sannan ya zauna ya yi masa sharhi mai girma da kansa.

Kafin mu bi shi hanyar Makka, bari in tsaya kan ilimin haruffa, don a nan ne na fara ganin kamar da mu ake magana. A lissafin abajada kowane harafin Larabci yana da lamba: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, haka har zuwa 1000. Da shi mawaƙan ajami ke ɓoye shekarar da suka gama waƙa a cikin kalma guda, abin da ake kira ramzi. To ai kwamfuta ma haka take yi. Ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A tsarin ASCII babban A shi ne 65, B 66. Ga kuma inda abin ya fi daɗi: abajada iri biyu ce. Ta Magrib, wadda ƙasashenmu suka gada, tana ba sin 300, sad 60, shin 1000. Ta gabas, wadda ake bi a Masar da Hijaz, tana ba sin 60, sad 90, shin 300. Kalma ɗaya, jimla biyu. Duk wanda ya taɓa buga takarda da ƙ da ɗ da ɓ a laftof ɗinsa, ya kai bizines santa a buɗe ta a wata na'ura ya ga haruffan sun koma akwatuna da alamar tambaya, ya ɗanɗana irin wannan matsala. Malamin da ya yi karatu a Katsina ya je koyarwa Alƙahira tilas ya riƙe tsarin biyu a kansa, ya kuma san da wanne aka rubuta littafin da ke gabansa.

Ya yi aikin Hajji a shekarar 1142 ta Hijira, wato 1730. A wancan zamani tafiya Makka daga ƙasar Hausa ba ta sa'a biyar ba ce a jirgi. Ko dai ka bi ta Barno da Bagarmi da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, ko ka ƙetare hamada ta Fezzan ka faɗa Masar. Wata da watanni ake yi, wasu shekaru, wasu kuma ba a sake jin ɗuriyarsu. Mutum kan raba gadonsa kafin ya tashi. Bayan Hajji ya zauna a Makka na wani lokaci, a can ya fara rubuta babban littafinsa Ad-Durrul Manzum, kan ilimin taurari da ɗalasimai, wanda ya kammala a Alƙahira a 1146, wato tsakanin 1733 da 1734. Kafin shi, a 1145, ya gama wanda ya fi shafarmu, Bahjatul Afaƙ, kan haruffa da hatimi.

Na san da jin kalmar hatimi wasu sun riga sun ɗaure fuska. A wurinmu hatimi ya tafi da laya da rubutun sha da malaman tsibbu, kuma malamai da yawa, na da da na yanzu, sun yi magana mai zafi a kan duba da taurari. Ba zan ɓoye ba, Malam Muhammadu ya rubuta a kan waɗannan abubuwa, kuma a zamaninsa da su aka fi saninsa. Hukuncin wannan fanni na malaman addini ne, ga su nan birjik a Zariya, a tambaye su. Abin da na ɗauko ni shi ne lissafin da ke ƙarƙashin zanen, wanda daidai yake ko a hannun wa ya faɗa.

Hatimi a lissafi murabba'i ne da aka raba gida-gida, a zuba lambobi daga 1 har gidajen su cika, ba a maimaita ko ɗaya, kuma jimlar kowane layin kwance, da kowane layin tsaye, da layuka biyun da suka ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa, ta zama ɗaya. Mafi ƙanƙanta shi ne mai uku-uku:

8 1 6
3 5 7
4 9 2

Tara ta ko'ina, 15 za ka samu. Duba kusurwoyin kuma: 2, 4, 6, 8. A abajada su ne ba, dal, wau, ha, shi ya sa a littattafan Larabci ake kiran wannan hatimi buduh. Jimlar ma ba sai ka yi ta gwaji ba. Ninka yawan gidajen gefe guda da kansa, ƙara 1, ninka da yawan gidajen gefen, raba biyu. Mai uku 15, mai biyar 65, mai bakwai 175, mai tara 369.

Abin da Malam Muhammadu ya tsara shi ne hanyoyin gina hatimi mai gefe mara, wato 3, 5, 7, 9 da sauransu, mataki bayan mataki, yadda ɗalibi zai bi ya isa ba tare da lalube ba. Ba shi ya fara wannan ilimi ba, kuma bai kamata son gida ya sa mu ce shi ya fara ba. Abul Wafa al-Buzjani ya rubuta a kansa tun ƙarni na 10, Ikhwanus Safa sun kawo hatimai daga mai uku har mai tara, al-Buni ya yaɗa su a ƙarni na 13. Malam Muhammadu ya gaji wannan, ya tace, ya jera, ya warware inda ya cukurkuɗe. Sunan littafin ma cikakke yana nuna cewa an yi shi ne don fayyace abin da ya rikice da buɗe abin da ya kulle.

Don ku ji ɗanɗanon irin wannan aiki, ga hanyar da aka fi koyarwa a azuzuwan firogiramin a yau. Turawa suna danganta ta da Siyam, wato Tailan, saboda wani jakadan Faransa, Simon de la Loubère, ya kawo ta daga tafiyarsa can ya buga a 1691. Sa 1 a tsakiyar layin sama. Kowace lamba ta gaba, hau gida ɗaya sama ka matsa gida ɗaya dama. In ka fita ta sama, shigo ta ƙasa. In ka fita ta dama, shigo ta hagu. In ka tarar gidan da mai shi, koma inda kake ka sauka gida ɗaya ƙasa. Shi ke nan. Gwada da mai uku: daga 1 ka hau ka fita ta sama, ka shigo ta ƙasa a layin dama, nan 2 ta zauna. Daga 2 ka hau ka fita ta dama, ka shigo ta hagu a layin tsakiya, 3 ke nan. Daga 3 ka nufi gidan da 1 ke ciki, ba wuri, sai 4 ta sauka ƙarƙashin 3. Sai 5 a tsakiya, 6 a kusurwar sama ta dama, 7 ƙarƙashinta, 8, 9. Hatimin da ke sama ne ya fito. Wanda ya iya Python zai rubuta wannan a layi goma sha wani abu: zagaye ɗaya, sharaɗi ɗaya, da ragowar rabawa don fita ta nan a shigo ta can. Jerin umarni irin wannan, wanda ko wanda bai fahimci dalili ba in ya bi zai isa, shi ake kira algoridim, kalmar da ita ma daga sunan al-Khawarizmi na Bagadaza aka samo ta.

Yanzu ga inda nake so masu musun Core i7 su matso kusa. A ce ba ka san hanya ba, ka ce wa kwamfuta ta yi ta jera lambobi tana dubawa. Mai uku yana da jeri 362,880, wannan ko tsohuwar laftof 'yar gwanjo za ta gama kafin ka kurɓi shayi. Mai huɗu jerinsa ya haura tiriliyan 20. Mai biyar fa? Lamba ce mai gurbi 26. Ko da na'urarka tana duba jeri biliyan ɗaya a daƙiƙa, sai ta yi sama da shekara miliyan 490 kafin ta bi su duka. In ma hatimi ɗaya tak kake nema ta hanyar cankar sa'a, a wannan gudun sai ka jira kusan kwana 80, a ƙasar da wuta ba ta kwana biyu a jere. Almajirin Malam Muhammadu da alƙalamin kara da tawada zai cika gida 25 ɗin kafin a tada sallar la'asar. Ba ina cewa kar a sayi na'ura mai kyau ba ne, wanda ya taɓa buɗe Android Studio a kan RAM huɗu ya san azaba. Amma rabin firogiram ɗin da muke cewa suna jan ƙafa, laifin yadda muka rubuta su ne, kuma ƙarin RAM ba zai yi musu magani ba.

Inda na'ura ta yi rana shi ne wurin ƙirga. Hatimi mai uku asali ɗaya ne kawai, sauran bakwai juyi ne da kifawa. Mai huɗu 880 ne, Bafaranshe Frénicle de Bessy ya lissafa su da hannu, aka buga a 1693. Mai biyar kuwa sai a 1973 Richard Schroeppel ya ƙirga da kwamfuta ya samu 275,305,224.

Akwai wani ɓangare na Malam Muhammadu da nake ta juyawa a raina. A cikin rubutunsa ya ƙarfafa wa ɗalibi gwiwa kada ya karaya in lissafi ya ƙi fita, ya nuna cewa naci shi ne sharaɗin wannan fanni. Wannan duk mai neman kuskure a cikin kod da ƙarfe biyun dare zai ce amin. Amma ya kuma yi wasiyya a yi aikin a ɓoye, kada a watsa sirrin ga kowa da kowa, saboda a ganinsa haruffa da lambobi suna da alaƙa da asiran Ubangiji. Ka ga nan ya yi hannun riga da abin da Richard Stallman ya tsaya a kai lokacin da ya fara aikin GNU a 1983, cewa wanda ke amfani da manhaja yana da haƙƙin ya ga cikinta, ya gyara, ya ba wani. Da an haɗa su biyun a zaure ɗaya, da an sha musu.

Sai dai in ka duba abin da ya aikata, ya rubuta. Ya zauna ya zuba hanyoyin a takarda dalla-dalla, kuma a duniyar rubutun hannu duk littafin da ya fita daga hannun mai shi ya zama na masu kwafa. Ɗalibi ya kwafa, ya rubuta sunansa da na malaminsa a ƙarshe, wani ya ƙara bayani a gefen shafi, wani ya yi sharhi, wani ya taƙaita, wani ya mayar waƙa don a haddace. Sunan mai asali ba ya ɓacewa, kuma ba a hana kowa ginawa a kai. Ni dai ban ga abin da ya fi wannan kama da yadda ake aiki a kan Linux ba tun da Torvalds ya sake shi a 1991. A ganina malaman zaure sun fi mu kusa da buɗaɗɗiyar manhaja, mu da ɗan aji ke ɓoye wa ɗan ajinsu kod ɗin asainmen kamar lambar sirrin banki, sannan idan lokacin furojet ya zo a je a sayo wanda aka riga aka sayar wa mutum goma, a canja suna a shafin farko. Kwafar da malamai ke yi tana tafiya da karantawa a gaban wanda ya sani da ambaton inda aka samo. Tamu babu ko ɗaya daga ciki.

A Alƙahira ya samu masauki a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, babban malami a Azhar wanda ya shahara a ilimin falaki da lissafi, wanda shi ma asalin kakanninsa daga yankin Habasha suke. Mutum irin wannan ba zai ajiye baƙo a gidansa shekara da shekaru don tausayi kawai ba, ya ga abin da ya gani. A gidan Malam Muhammadu ya rasu a 1154, wato 1741, bai sake ganin Katsina ba. Ya bar wa mai masaukinsa wasiyyar dukiyarsa da littattafansa, shi kuma ya binne shi a maƙabartar malamai ta Alƙahira, ya sa aka rubuta sunansa a kan kabarin.

Yawancin abin da aka sani game da rayuwarsa ta wannan gida ya fito. Ɗan mai masaukin, Abdurrahman al-Jabarti, an haife shi fiye da shekara goma bayan rasuwar baƙon, ya girma ya zama babban marubucin tarihin Masar, shi ne wanda ya rubuta labarin shigar Napoleon ƙasar a 1798. A cikin littafinsa Aja'ibul Asar ya ware wa Bakatsinen nan wuri, ya jera malamansa da littattafansa. Da Malam Muhammadu ya sauka a wani gida daban, wataƙila da yau sunansa kawai za a gani a bangon littafi.

An buga Ad-Durrul Manzum a Masar daga baya. Bahjatul Afaƙ kuwa akwai kwafinsa na hannu a ɗakin karatu na SOAS a Landan. Marigayi Hassan Ibrahim Gwarzo ya yi nazari a kan lissafin ramzinsa a 1967, sannan Ba'amurkiya Claudia Zaslavsky ta kawo shi a littafinta Africa Counts na 1973, wanda ta nan ne malaman lissafi a Amurka da Turai suka san shi har suke koyar da yara da misalinsa. Abin da ɗan ciwo, a ce ɗan firamare a can ya ji sunansa, ɗan HND a Zariya bai ji ba, alhali daga nan zuwa Katsina tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota. Kuma rubuce-rubucen hannu irin nasa ba su ƙare ba. Akwai su a Gidan Arewa a Kaduna, akwai a sashen binciken tarihin Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, akwai kuma waɗanda ke cikin gafaka da adaka a gidajen malamai na cikin birni, gara da damina suna cin rabonsu. Ɗaukar hotonsu, da tsara su, da rubuta manhajar da za a nemo su da ita, furojet ne na gaske da ya fi ƙarfin wani tsarin rajistar ɗalibai karo na ɗari.

Ga wanda yake son ya taɓa da hannunsa: a MATLAB akwai umarnin magic, ka rubuta magic(5) hatimi mai biyar ya fito. Lasisinta da tsada, amma ba sai ka nemi fasasshiya ba. GNU Octave kyauta ce, tana gudu a kan Windows da Linux, tana karɓar wannan umarni, kuma in ka rubuta type magic za ta baje maka kod ɗin gaba ɗaya ka karanta. Za ka ga an raba aikin gida-gida, mai gefe mara da hanyarsa, mai gefe cika da tasa. Ka fara rubuta naka na mara tukuna, ka tabbatar mai bakwai ya ba ka 175 ta kowane gefe. Sannan ka ba shi 4 ko 6, ka bi shi da biro da takarda ka ga daidai inda hanyar hawa sama da matsawa dama take karyewa.